Mudu Biyu a Rumfa Ɗaya

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada a majami'armu da ke Garwa, wani saurayi daga cikin mawaƙa ya tare ni a inuwar dalbejiya, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baba, akwai abin da yake damuna. Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba. To, don me Yesu zai ce in muna ƙaunarsa za mu bi umarninsa? Ashe ba doka ce ta fita ta ƙofa ta sake shigowa ta taga ba?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, domin rana ta take kuma iyali suna jirana, amma amsar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya kamata in faɗa masa, kuma dole in fara da abin da ya faru da ni.

Shekaru da yawa da suka wuce ina sayar da hatsi a kasuwa: dawa, masara, gero, da masakwa idan an kawo ta daga wajen Marwa a ƙarshen rani. Ina da mudu biyu. Ɗaya cikakke ne, da shi nake awo idan manoma sun kawo kaya daga ƙauye. Ɗayan kuwa an ɗan doki gindinsa ya shige ciki, yadda ido ba zai lura ba, da shi nake auna wa masu saye, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada. Ina ɗora gyara a kai da fara'a, mai saye ya yi godiya ya tafi, alhali abin da na tauye ya fi abin da na ƙara. A wannan lokacin ni ne nake bi da waƙa a majami'a, kuma Allah ne shaida, ba riya nake yi ba. Idan muna rera waƙar gicciye hawaye yakan zubo mini da gaske, zuciyata takan yi zafi, in koma gida ina ganin babu wanda ya kai ni ƙaunar Ubangiji.

Wata gwauruwa daga cikin zumuntar mata, wadda take riƙon jikoki uku, ta saba sayen dawa a wurina saboda ni ɗan'uwa ne cikin bangaskiya. Wata rana ta jira har mutane suka ragu a rumfar, ta matso kusa ta ce da ni a hankali, "Ɗana, muryarka tana da daɗi a ɗakin Allah. Ina roƙo ya sa mudunka ya kai muryarka." Na ce, "Inna, me kike nufi?" ko da yake na sani sarai. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ba ta kai ƙarata wurin fasto ko dattawan ikkilisiya ba, kuma har ta rasu ban ji maganar a bakin kowa ba.

A daren nan na buɗe Littafi Mai Tsarki, littafin Maimaitawar Shari'a sura 25, aya 13 zuwa 16, inda aka hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka da mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami, aka kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Na san wurin tun ina yaro, amma na ajiye shi a cikin abubuwan da nake cewa na Tsohon Alkawari ne, mu kuwa muna ƙarƙashin alheri. Abin da na gane a daren shi ne cewa dokar nan tana tsaye ne a gefen jikokin gwauruwar, tana kāre tuwon da za su ci, kuma Allahn da nake yi wa kuka a waƙa shi ne wanda yake ƙaunar yaran nan. Yahaya, almajirin Yesu, ya faɗi maganar ba tare da sassauci ba a wasiƙarsa ta fari, sura 4 aya 20: wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne, domin wanda bai ƙaunaci ɗan'uwan da yake gani ba, ba zai iya ƙaunar Allahn da bai gani ba. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurina mudu ne fuskar, kuma labarin da ya bayar ya saɓa wa wanda muryata take bayarwa.

Ga saurayin nan, abu na farko da ya kamata ya lura da shi shi ne abin da ya riga wani zuwa. Dokoki Goma suna cikin Fitowa sura 20, amma ƙetare teku yana sura 14. Allah bai aika wa Isra'ilawa alluna biyu a Masar ya ce su cika su tukuna kafin ya duba kukansu ba. Ya fisshe su, ya ciyar da su da manna, ya ba su ruwa daga dutse, sa'an nan ya buɗe dokokin da tunatar da su cewa shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya fito da su daga gidan bauta. Haka yake a Sabon Alkawari: muna ƙauna domin shi ne ya fara ƙaunarmu. Maganar Yesu da saurayin ya ambata, wadda take a Yahaya 14:15, ita ma ya faɗe ta ne ga mutanen da ya riga ya wanke wa ƙafafu a daren da aka bashe shi, yana sane da cewa Bitrus zai yi musunsa kafin zakara ya yi cara. Da saurayin ya ƙara aya ɗaya a kan abin da ya karanta a Afisawa sura 2, da ya ga aya 10 tana cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya shirya tun da farko.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, akwai biyayyar da babu ƙauna a cikinta, kuma majami'unmu sun san ta. Ita ce irin ta wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, yana yi yana kawar da kai. Babban wa a misalin ɗa ɓatacce, Luka sura 15, ya ce wa mahaifinsa shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a ba shi ba. Gaskiya ya faɗa game da aikinsa, sai dai ya yi zaman ɗan ƙodago a gidan ubansa, yana lissafin lada, har bakinsa ya kasa furta kalmar ƙane, ya ce "ɗan nan naka." Na ga irin wannan a cikinmu: mutum ba ya shan giyar bilbil, ba ya fashin sujada, yana fitar da zakka daidai, amma matarsa tana rawar jiki idan ta ji takunsa a zaure. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 saboda suna fitar da zakkar ganyayen miya, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci, kuma ya ce waɗannan ya kamata su yi ba tare da barin waɗancan ba.

Malaman Yahudawa sun ƙirga dokoki 613 a cikin Attaura. Da aka tambayi Yesu wacce ce mafi girma, ya ɗauko Maimaitawar Shari'a 6:5 da Littafin Firistoci 19:18, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, ya ce a kan waɗannan biyu dukan Attaura da annabawa suke rataye. Kalmar rataye tana da muhimmanci a gare ni, domin wanda ya kafa maratayi a bango yana nufin ya ɗora kaya ne a kai. Matasa suna son maimaita maganar Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, cewa ka yi ƙauna sa'an nan ka yi abin da kake so. Ba su cika sanin cewa a wa'azin da ya faɗe ta yana kwatanta uban da yake horon ɗansa da mai satar mutane da yake lallashin yaro ba ne, domin ya nuna cewa daga tushen aiki ake gane shi. Ƙauna tana bukatar a nuna mata hanya, gama zuciyar mutum gwanar yaudarar mai ita ce, kamar yadda tawa ta yaudare ni shekaru ina kuka a waƙa.

Ko da yake ni ba ɗan Katolika ba ne, ina yawan tunawa da Baba Simon, wato Simon Mpeke, firist ɗin da ya bar babbar ikkilisiyarsa a New Bell ta Duwala a 1959, ya zo ya zauna a Tokombere, a arewacin Kamaru, cikin mutanen duwatsu waɗanda ake rainawa, yana yawo ba takalmi, yana koyar da 'ya'yansu, har kusan rasuwarsa a 1975. Babu dokar da ta ambaci Tokombere da suna. Umarnin ƙaunar maƙwabci ne ya riƙe da gaske har ya kai shi can. Ina ganin wannan ne Yahaya yake nufi da ya ce umarnin Allah ba su da nauyi. Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 7 saboda Rahila, aka ce sun zama masa kamar 'yan kwanaki saboda ƙaunar da yake yi mata, alhali rana ta dake shi da gaske kuma sanyin dare bai ƙyale shi ba.

Ni ma sauyin bai zo mini da sauƙi ba. Na fasa ƙaramin mudun da guduma washegari, ribata ta ragu, har na yi watanni ina jin zafin abin a zuciya. Na kai wa gwauruwar buhun dawa, ta karɓa ta sa mini albarka, amma da yawa daga cikin waɗanda na tauye wa awo ban san inda suke ba, ba kuwa zan iya mayar musu ninki huɗu kamar Zakka mai karɓar haraji ba. Wannan bashi na kai shi gicciye, domin ba ni da wani wurin kai shi.

Umarnin da yake gabana yanzu shi ne na Matiyu 5:23 da 24, cewa idan kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Shekara uku ke nan ni da ƙanena ba ma gaisawa saboda gonar mahaifinmu da ke bakin Binuwai, kuma na daɗe ina cewa shi ne ƙarami, shi ya kamata ya zo. Tambayar saurayin nan ta hana ni barci a kan wannan. Na gaya wa matata ta shirya mini goro da sukari, ranar Asabar da sassafe zan hau babur in tafi ƙauye, in yi sallama a ƙofar gidansa.