Godiya ga waɗanda suka taya ni renon ƙwayoyin halitta

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a gaban malamai, kuma an amince da shi. Binciken a kan sautin sikanin ne, wato sautin da ya wuce abin da kunne ke ji, irin wanda ake duba cikin mai juna biyu da shi: shin yana kakkarya DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, na ƙwayoyin halittar da ake reno a ɗakin gwaji? Mutane da yawa sun sa hannu a wannan aiki, kuma ina so a san su.

Na fara da Malam, mai kula da ɗakin gwajinmu. Ƙwayoyin nan ba sa rayuwa sai a zafin digiri 37, da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Idan aka ɗauke wuta da dare, shi ke barin iyalinsa ya zo ya tabbatar an tada janareta. Shi ya koya mini karanta ruwan da suke ci: ja-ja ne in lafiya, amma in ka wayi gari ya koma ruwan ɗorawa ya yi duhu-duhu, ƙwayar cuta ta shiga, aikin makonni ya tafi. Ranar da hakan ta same ni, ya bar ni na gama kukana, sannan ya ciro wasu daga ma'ajiyar sanyi ya ce, "Hajiya, sa safar hannu mu sake." Malam, Allah ya saka da Aljanna.

Sai Farfesa, wanda ya duba aikin. Gwajin da muka yi amfani da shi, wanda Östling da Johanson suka fito da shi a Suwidin a 1984, ana kiransa gwajin tauraruwa mai wutsiya. Ana sa ƙwayoyin cikin wani abu mai kauri a kan gilashi, a narkar da fatarsu, a saki lantarki. DNA da ya karye sai ya ja baya ya yi wutsiya, lafiyayye kuwa ya zauna dunƙule. Tauraruwa mai wutsiya dai ganinki ba alheri ba. Da na fara ganin wutsiyoyi sai na ruga ofishinsa. Bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni ina kwanon ƙwayoyin da aka yi wa komai amma ba a kunna masa na'urar sautin ba, don a kwatanta. Ya kuma sa na karanta labarin Doreen Liebeskind ta New York, wadda a 1979 ta ba da rahoton sauyi a ƙwayoyin jinin ɗan'adam bayan an buga musu sautin, amma yawancin waɗanda suka maimaita gwajin ba su ga abin da ta gani ba. Ranka ya daɗe, wannan tsantseni shi ne babban abin da na samu a wurinka.

Tunda 'yan'uwa mata suna ta tambayata ko sikanin na da illa ga ciki, ga abin da ya fito. Wannan sauti ba irin hasken hoton ƙashi ba ne da ke iya karya DNA kai tsaye. Ɓarnarsa ta hanya biyu take zuwa: zafi, da ƙananan kumfa da ke tasowa cikin ruwa su fashe da ƙarfi, su saki sinadarai masu cin DNA. A kwanon gwaji kumfar tana samun wuri, sautin ma yakan bugi saman ruwa ya dawo ya taru a kan ƙwayoyin. Da muka ƙure ƙarfin na'ura mun ga wutsiya. A ƙarfi irin na asibiti kuwa ban iya bambanta su da waɗanda ba a taɓa ba. Kwano daban, mahaifa daban. Tun bayan aikin likita Ian Donald a birnin Glasgow na Birtaniya a 1958 ake duba ciki da wannan sauti. Don Allah kada wata ta ƙi sikanin da aka rubuta mata a wajen awo saboda ta ji an ce ina binciken illarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa yi ba dalili, don kallon jariri kawai.

Ina godiya ga ma'aikatan sashen sikanin da suka ara mana na'ura bayan sun tashi aiki, suka nuna mini lambobi biyu da ke kan allo, na zafi da na ƙarfin bugu, da ƙa'idarsu ta rage ƙarfi da taƙaita lokaci.

Maigida, ka biya kuɗin sinadarai ba ka taɓa yi mini gori ba. Inna, kin riƙe mini yara har suna kiranki kafin su kira ni. Abokan karatu da muka riƙa karɓa-karɓar gadin ƙwayoyi ranakun Asabar da Lahadi, Allah ya kawo naku cikin sauƙi. Wanda ban ambata ba ya yafe ni. Ina kuma roƙon addu'arku ga mahaifina, wanda ya fara kai ni makaranta. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.