Shekarar da Na Shuka Ciyawa a Landan

A garinmu, kusa da Funtuwa, ciyawa nome ta ake yi. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin Baba gona da 'yar fartanyata, kuma aikin damina gaba ɗaya, daga noman firi har maimai, yaƙi ne da ciyawa. Shi ya sa da muka kama hayar gida a arewacin Landan a 2022, na ga an rubuta cewa kula da ciyawar bayan gida yana wuyanmu, sai na daɗe riƙe da takardar ina juya maganar.

Filin bai wuce murabba'in mita 30 ba, kuma a mace muka same shi. A shekarar ne zafi ya haura digiri 40 a Ingila, ranar 19 ga Yuli, abin da ba a taɓa gani ba. Ciyawa ta ƙone ƙurmus, ƙasa ta tsattsage, a watan Agusta kuma aka hana ban ruwa da tiyo.

Na kira Baba na ce, "Baba, ciyawa zan shuka."

Ya ce, "Tumaki ka saya?"

Na ce a'a, don jikokinsa su sami wurin wasa ne. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ƙasar wace iri ce?" Na ce laka ce, mai danƙo kamar ta fadama. Ya ce kada in taɓa ta tana bushe ƙayau, kada in taɓa ta tana jiƙe sharkaf. Abin da ya ratsa ni, washegari maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ya leƙo ta kan shinge ya faɗa mini kusan wannan maganar. Shi ya ara mini shebur mai yatsu da manjagara, kuma ranar muka fara gaisawa sosai bayan wata biyu muna ɗaga wa juna hannu kawai.

Da ruwa ya sauka a farkon Satumba na fara kaftu, zurfin kamar taƙi guda. A nan wahalar take. Akwai wata ciyawa mai farar saiwa da ke tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, irin halin ƙiri-ƙiri: ka bar guntu ɗaya, ta dawo. Da hannu na tsince ta. Na fitar da duwatsu da fasassun bulo har baro uku, na zuba ruɓaɓɓen taki na cakuɗa, domin laka ta saki, ruwa ya daina kwanciya. Tana kuwa, duk inda na tona sai na gan ta, dattijo ya ce alamar ƙasa mai rai ce.

Sai jira. Mako uku na bar filin ya kwanta, ciyayin da suka ɓoye suka fito, na kankare su. Daga nan na bi shi da diddige, taku kusa da taku, sannan na baje da manjagara har ya yi laushi kamar kwamin albasa. Idan aka tsallake wannan takawar, bayan ruwan hunturu sai ka ga ramuka da tudu ko'ina.

A ƙarshen Satumba na yafa iri, kimanin giram 35 a kowane murabba'in mita, rabi ta tsawo rabi ta faɗi. Lokacin ƙasa na da sauran ɗumi, ruwa kuma bai yanke ba. Na shimfiɗa raga saboda tattabaru.

A kwana na goma, bayan sallar asuba, 'yata ta kira ni bakin taga. Filin ya yi kore-kore, sirara kamar allura. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena ya nuna wa Baba. Saƙon murya Baba ya dawo mini da shi, yana cewa in hana yara takawa sai ta yi ƙwari.