Yadda Muka Hau da Makaɗan Gungawa Dandali a Yawuri

Na daɗe ina koyarwa a Yelwa, cikin masarautar Yawuri ta Jihar Kebbi, kuma abin da ya riƙa ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya a ji kiɗan Gungawa a taron gari, alhali suna cikin mutanen da suka fi daɗewa a wannan yanki na kogin Kwara. Harshensu Reshe ne, Hausawa kuwa suka kira su Gungawa saboda zamansu a gungu, wato tsibiran tsakiyar ruwa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya shanye tsibirai da dama, aka tashi mutanensu aka tsugunar da su a sababbin ƙauyuka, kuma a yau yaransu da yawa da Hausa suke tashi.

Bayan girbi, ni da wasu abokai muka shirya wasan dandali a filin wata makaranta, muka gayyato wani dattijon makaɗi da 'yan amshinsa. Kuskuren farko nawa ne, domin na roƙe shi ya juya waƙoƙinsa zuwa Hausa don 'yan kallo su gane, na yanka masa minti 10, na kuma ajiye shi a ƙarshe, bayan jawaban manyan baƙi, lokacin da jama'a ke watsewa. Bai musa mini ba, saboda mutum ne mai kawaici. A ranar gwaji sai kalmomin suka ƙi hawa kan kiɗan, 'yan amshi suka riƙa saɓa wa juna. Na ce, "Baba, ina matsalar take?" Ya ce, "Malam, sunayen gungayen da ruwa ya ci nake kira, kuma da harshenmu kaɗai suke amsawa."

Wannan magana ta sa muka warware shirin gaba ɗaya. Muka dawo da su tsakiyar wasa, muka bar musu lokacinsu, sannan muka sa wata ɗaliba mai jin Reshe ta yi gajeren bayani da Hausa kafin kowace waƙa. Sanƙira ya ambaci sunan kowane makaɗi da ƙauyensa, har matan da ke amshi, waɗanda a da ake dunƙule su a kira su "'yan gargajiya" kawai.

Batun kuɗi ya fi koya mini hankali. Liƙi yana bin mawaƙin da ke wasa masu hannu da shuni, don haka wanda ke rera tarihin ƙauyensa yakan koma gida da aljihu a bushe. Muka tsayar da ladansu tun kafin ranar, muka biya kuɗin mota dabam. Haka nan muka nemi izini kafin ɗaukar bidiyo. Akwai waƙa ɗaya da dattijon ya hana a ɗauka, muka kashe kyamara, sauran kuma muka zuba musu a wayoyinsu.

Da ya kai ga waƙar gungaye, sai wasu tsofaffin mata da ke zaune can bayan taro suka karɓi amshi ba tare da lasifika ba, har suka rufe muryar 'yan amshin da ke kan dandali. Washegari ɗalibar nan ta zo mini da takarda, ta rubuto sunan gungun da aka haifi kakarta, wanda ta ce ba ta taɓa tambaya ba sai a daren.