Yau na gyara ƙafar motata

Talata da daddare.

Yau ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba, tun safe har bayan magariba ina tsakanin gareji da kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, yanzu haka da nake rubutun nan bayana kamar an daka ni a turmi, amma zuciyata a kwance take, abin da na kwana biyu ban samu ba.

Ya kai sati uku motar nan tana min magana. Hiace ce, irin wadda muke ce wa homa, mutum 18 take ɗauka, Kano zuwa Ringim nake yi daga tashar Yankaba. Da farko wani ɗan ƙwas-ƙwas nake ji a ƙafar gaba ta ɓangaren mai zaman banza in na shiga gargada, nace ƙila noti ne ya saki, daga baya ya koma gwaf-gwaf, sitiyari kuma ya fara wasa a hannuna, sai na ɗan murɗa kafin taya ta amsa. Damina ta cinye gefen kwalta a wurare da yawa, rami nan rami can, ga lodi, don mutanenmu ba sa tafiya hannu rabbana, buhun gero ne, jarkar mai ce, wani lokacin har da akuya. Jiya muna dawowa, mun wuce Gezawa kaɗan na taka birki saboda shanu, motar ta fizge ni dama, da ƙyar na riƙe ta. Wata tsohuwa da ke zaune a bayana tace "ɗan nan, motar nan lafiyarta ƙalau kuwa?" Nace lafiya lau Iya, hanya ce. Wallahi tun da na faɗi haka nake jin kunyar kaina, don na san ba hanya ba ce kaɗai. Na taɓa ganin bas a gefen titi bol joyin ɗinta, wato mahaɗin ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ya cire, tayar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota kamar ƙafar raƙumin da ya durƙusa, fasinja zazzaune a ƙasa suna salati. Hoton nan ne ya hana ni barci jiya.

Ana idar da asuba na kai ta gareji. Ogan wajen dattijo ne, shi yake duba min mota tun ina yaron mota, Baba nake ce masa. Yace "ka zo kenan, ai tun wancan satin da ka wuce ta nan na ji ƙararta." Ya sa yaro ya ɗaga ta da jak, ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya girgiza, sai ga ta tana ƙwal-ƙwal. Ya sake kamawa ta gefe da gefe ya girgiza, nan ma wasa. Yace na sama da ƙasan nan bol joyin ne ko boris, na gefe da gefe kuma tayarod, ƙarfen da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Da aka cire tayar na leƙa da idona, robar bol joyin na ƙasa ta yage, giris ɗin duk ya fita, abin da ya rage a ciki yashi ne da tsatsa, shi yake ta cin ƙarfen kamar ana goga shi da dutse. Shokozoba ta jiƙe da mai har ƙura ta manne mata, bushin ɗin lowa am, wato robar da ke cikin hannun ƙarfen ƙasa mai riƙe taya, ya tsattsage, linkej ɗaya ma, ɗan ƙarfen da ke rage wa mota karkata a kwana, robarsa babu ita gaba ɗaya. Ita kuwa tayar, ta ciki ta cinye sumul, ta waje tana nan da zanenta, taya da ko wata biyar ban yi da saye ba. Boris kaɗai ne Allah Ya taimake ni yana da lafiya.

Nace Baba ko za mu canza ɓangare ɗaya tukuna, kuɗin nan fa na taya nake tarawa. Ya kalle ni yace shokozoba ba a sa ta ɗaya, in ka sa sabuwa a dama tsohuwa a hagu motar za ta riƙa tafiya a karkace, kuma bol joyin na hagu ramukan da ɗan'uwansa ya shiga shi ma ya shiga. Ban ƙara cewa komai ba.

Muka zuba tsofaffin kayan a buhu, ya haɗa ni da babban yaronsa muka hau adaidaita sai Ƙofar Ruwa. Kasuwar nan ko sau ɗari ka shiga sai ta ruɗa ka, layi-layi, nan inji a jibge, can ƙofofin mota a jingine, ƙasa baƙi ƙirin da baƙin mai, tun kafin ka sauka 'yan kamasho sun yanyame ka, "Oga me ake nema, Alhaji zo nan akwai." Ni dai na riƙe buhuna na bi yaron. Kaya iri uku ne za a ɗora maka a kan benci. Akwai sabo na kwali mai kyau, akwai ɗan Beljiyam wato wanda aka ciro daga motocin da suka yi aiki a waje, sai kuma mai arha wanda kwalinsa ya fi kowanne sheƙi amma wata biyu ba zai yi maka ba. Tun 2023 da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, kuɗin kayan mota ya ninninka, shi ya sa direbobi da yawa suke komawa kan mai arhar, kuma ban ga laifinsu sosai ba don na san abin da ake samu a rana bayan an sha mai an biya kuɗin tasha. Amma ni a raina na riga na yanke, lowa am zan iya ɗaukar Beljiyam, ƙarfe ne, in bai lanƙwashe ba kuma bushin ɗinsa na asali yana da rai ya fi wani sabon. Bol joyin da tayarod kuwa sabo, don su ne suke riƙe da tayar, kuma na hannu ba ka san tafiyar da ya yi ba kafin ya iso gare ka.

Mai shagon farko ya fito da bol joyin samfurin 555, wanda makanikai suke yabo, na Japan. Sai dai komai aka yaba sai an yi jabunsa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya. Yaron nan na Baba, Allah Ya yi masa albarka, bai ko kalli kwalin ba, ya zaro abin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya sa babban yatsa ya tura kan ƙarfen, sai ya kwanta gefe ba gardama. Yace "Oga wannan ba shi ba ne, sabon gaske da ƙyar yake motsawa." Ya matsa robar kuma, ta yi tauri kamar leda. Muka ajiye muka yi gaba. A shago na uku muka samu wanda ya yarda da shi, mai nauyi, roba mai laushi, kai a ɗaure tamau. Nan ma da muka gwada shi da tsohon sai muka ga ramukan noti ba su hau ba, ashe na tsohuwar Hiace ya miƙo mana, da ban zo da buhun nan ba da sai mun koma gareji mu gane. Ya canza mana ba musu. Shokozoba KYB muka ɗauka guda biyu, yaron ya kafa kowacce a ƙasa ya danna ya ja, yana jin ko akwai inda take zarcewa ba riƙo. Ciniki ya ɗauke mu kusan rabin awa, ina cewa Alhaji a duba ni, yana cewa wallahi ba haka ya saro ba, daga ƙarshe ya ɗan rage min ya ƙara min da robobin linkej kyauta. Muka yi azahar a masallacin cikin kasuwa, muka ci garau-garau, muka juyo.

Aikin ɗaurawa ya fi yadda na zata daɗewa. Tsohon bol joyin ya ƙi fita, ya kama kamar an yi masa walda, Baba da kansa ya karɓi guduma, kuma ba kan zaren yake duka ba, gefen ƙarfen da ya riƙe shi yake bugu, a bugu na shida ko bakwai sai ji muka yi ɗas ya saki. Kafin ya kwance tayarod sai da ya ƙirga zagayen da ya yi, 17, ya rubuta da yatsa a ƙurar jikin motar, ya mayar da sabon daidai haka don kada taya ta kauce da yawa kafin a kai ta alaimen, wato inda ake daidaita tayoyi. Abu ɗaya da na tsaya a kai da kaina shi ne fil ɗin da ake zurawa a notin bol joyin don kada ya warware. Ƙaramin yaron ya ɗauko ƙusa zai lanƙwasa a wajen, nace a'a ƙanena, akwai fil ɗinsa a cikin kwali, nemo shi. Sai da muka zazzage buhun kafin ya faɗo, ɗan siriri, ko tsawon yatsa bai kai ba. Baba kuma bai ɗaure notin bushin tamau ba sai da aka sauke motar ta zauna da nauyinta, yace in ka ɗaure tana rataye a sama, da an sauke robar za ta murɗe, ba za ta daɗe ba.

La'asar sakaliya na kai ta alaimen, babu wuta, muka jira aka tada janareta. Da aka gama na hau titi na saki sitiyari kaɗan, ta miƙe sak. Da gangan na bi ta layinmu mai ramukan nan, na kashe rediyo na sauke gilashi ina saurare, shiru, sai ƙarar taya kawai.

Uwargida ta tambaye ni nawa aka kashe, na faɗa mata, tace Allah Ya mayar da alheri. Kuɗin taya dai sun tafi, na mayar da mai cin nan baya na kawo ta bayan gaba kafin in samu in saya. Baba yace bushin ɗin sifirin na baya ma sun fara, amma za su kai ƙarshen wata in ban cika lodi ba. Gobe ni ne na huɗu a layi, ƙarfe shida nake so in kasance a tasha in Allah Ya kai mu.