Saƙon godiya bayan kare kundin digirin digirgir

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin bincikena na digirin digirgir a fannin fiziks a nan Jos, kwamiti ya amince da aikin, saura 'yan gyare-gyare. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka a karɓi wannan a madadin amsa.

Da yawa sun tambaye ni a kan me aka yi ta wannan wahala. Daga kimanin kilomita 60 sama da kawunanmu har zuwa wajen 1,000 akwai wani rufi na siririyar iska da ake kira ayonosfiya. Hasken ultrabayolet da ke fitowa daga rana yana fizge ilektoron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki, daga ƙwayoyin iskar wurin, sai rufin ya cika da cajin lantarki. Da rana ɓangarensa na ƙasa yakan shanye igiyar rediyo, da dare kuma ya yi rauni ya rage shanyewa, shi ya sa tashoshin nesa suka fi kamuwa bayan faɗuwar rana. Kawuna, wanda bai rabuwa da rediyonsa mai gajeren zango, ya ce min shi ya san wannan tun ban zo duniya ba, takarda ce kawai ba a ba shi ba. Kawu, na gode da addu'a, kuma ban musa ba.

Nawa aikin a kan saƙon GPS ne, wanda dole ya ratsa wannan rufi kafin ya iso wayarka ko jirgin sama. Najeriya na daf da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, kuma a irin wannan yanki rufin yakan yamutse bayan magariba, saƙon ya riƙa rawa, wani lokaci ya yanke. Ita kuma rana tana da zagaye na kusan shekara 11 da ƙarfinta ke hawa da sauka, hakan kuma yana shafar wannan rufi. Zagaye na 25 ya fara a Disamban 2019, ya kai ganiyarsa a wajen 2024, daidai lokacin da nake tattara bayanai.

A nan ne godiyata mafi nauyi take. Ranar Juma'a 10 ga Mayun 2024 guguwar maganaɗisu (hargitsin da aman rana ke jawo wa maganaɗisun duniya) mafi ƙarfi tun 2003 ta afka wa duniya, har aka ga hasken sama mai launi a ƙasashen da ba su saba ganinsa ba. Mu kuwa a daren an ɗauke wuta, batiran inbata sun kusa mutuwa, ga hadari ya haɗo. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda ba sunansa za a rubuta a bangon kundi ba, ya hau Keke Napep da jarkar mai a tsakanin ƙafafunsa, man da ya saya da kuɗin aljihunsa a tsadar nan, ya tayar da janareta, ya kwana a kan benci yana gadin na'urar da ke tattara mana bayanai. Babi na huɗu gaba ɗaya a kan bayanan wannan dare ya tsaya. Abin da sama ta yi jiya ba ta maimaita wa kowa, in na'ura ta mutu, shi ke nan. Malam, Allah ya biya ka da abin da ya fi.

Farfesa mai duba aikina, jan biron nan naka ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba, amma ranar kariya babu tambayar da ta zo min baƙuwa. Allah ya ƙara girma. Ina kuma jinjina wa cibiyoyin duniya da ke sakin alƙaluman rana kyauta a intanet. Ba don su ba, ɗalibi irina ba shi da kuɗin sayen ko shafi ɗaya.

Maigidana da ya sha zuwa ɗaukata cikin sanyin hunturun Jos, surukata Hajiya da ta riƙe yara kamar ba ta da wani aiki, 'yan ajinmu, da maƙwabtanmu na Anguwar Rogo da suka cika gida da kulolin abinci ranar walima, na gode ƙwarai.

Ɗaliban da suka nemi bayanan don nasu binciken su yi haƙuri in miƙa gyara tukuna, daga nan ƙofa a buɗe take. Allah ya bar zumunci.