Na je Legas neman jita, na dawo da maɗaci

Yau kwanana huɗu da dawowa Kano, amma in na kwanta har yanzu ihun 'yan kamashon Oshodi nake ji a kunnena. Shekara biyu na yi ina tara kuɗin jita. A sutudiyon da nake aiki komai da fiyano muke haɗawa, kamar kowa a garin nan, ni kuwa na daɗe ina son in sa tsirkiya ta gaske a cikin kiɗa, irin yadda mutanen Agadas ke kaɗa ta har tsikar jikinka ta tashi. Tsohuwar da na koya da ita wuyanta ya kantare. Duk wanda na tambaya sai ya ce min, "Tafi kasuwar Alaba a Legas."

A Agege na sauka, gidan kawuna mai sayar da albasa a Mile 12. Wanda bai taɓa zuwa Agege ba ba zai yarda ba: kiran salla, mai shayi, mai tsire, Hausa ta ko'ina, sai ka rantse Fagge ce aka ɗauko aka ajiye. Bambancin kawai zufa, wadda ba ta bushewa ko da fanka a kanka. Kawu bai taɓa son harkar kiɗan nan tawa ba, kuma bai ɓoye ba. Da ya ji abin da na tara sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai kuɗin aure ne." Duk da haka washegari ya bar wa yaransa rumfa ya ce shi zai raka ni, don kada a ga baƙo a yanka shi. Kwana biyar na yi a gidan, ko kuɗin ruwan leda bai bari na biya ba.

Alaba tana can Ojo, kan hanyar Badagry, kuma sai da muka canja mota uku kafin mu isa. Girmanta ya ba ni tsoro. Layi guda lasifika ce zalla, wasu sun fi ni tsawo, kowane shago ya ƙure tasa, ga janareto na ta ruri. Yawancin kayan kiɗan coci-coci ne ke saye, shi ya sa kasuwarsu ke tafiya. A shagon farko na miƙa hannu zan taɓa wata jar jita, mai shagon ya daka min tsawa, wai aboki ya fara nuna kuɗi tukuna. A Kwari ko atamfar dubu biyar za ka saya sai an ba ka kujera an tambayi mutanen gida. Kawu bai ce uffan ba, ya ja hannuna muka yi gaba.

A wani shagon aka nuna min wadda aka rubuta wa Fender a ka, sunan wani shahararren kamfanin jita na Amurka, a kuɗin da bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Ina shafa gefen wuyanta ƙarafan da ke jere a kai suka karce min yatsa, sunan kuma da farce za ka iya ɓamɓare shi. Jabu ce.

Sai a shago na huɗu muka dace da mutumin kirki. Ya kunna amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya ciro min jitar lantarki samfurin Stratocaster ta gaske, cikin sababbin da Fender ta fitar a 2024 da sunan Player II, ƙirar masana'antarsu ta Ensenada a Meziko. Gaskiya ba zan zalunce ta ba. Gefen wuyanta an goge shi sumul, hannu na zamewa kamar a kan sabulu, kuma ko ina ka danna sautin daidai yake. Siffar nan tun 1954 Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya fito da ita, har yau ba ta tsufa ba. Minti ashirin na yi ban ɗago kai ba. Matsalar kuɗin ne. A Amurka kusan dala 800 aka sa mata lokacin da ta fito, kuma tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024. Lissafa da kanka, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Ya ce in ba zan iya ba ga Squier, ƙanwarta ta kamfani ɗaya da ake yi a Sin da Indunusiya. Ita ma ba laifi, amma da ka ajiye waccan ka ɗauki wannan za ka ji ka sauko daga doki ka hau jaki.

Da dare ina ta jujjuya zancen a ƙofar gida, sai wani maƙwabcin Kawu mai harkar katako ya ce akwai wani dattijo a Mushin da ke sayen busasshen katako a wurinsu, jita yake ƙerawa da hannu. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, na zaci irin ta wasan yara ce. Da safe muka hau sabon jirgin ƙasan nan da ya fara aiki a 2024, ya kai mu Mushin daga Agege, tafiyar da a motar haya ta danfo sai ka yi gumi kashirɓan.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan wani gida, ƙasa duk garin katako, sama kuma wuyoyin jita a rataye kamar kilishi. Na yi sallama da Turanci, Baba ya amsa da Hausa tsantsa. Bayarabe ne, amma a Sabon Garin Kano aka haife shi, har yana tambayata ko ana cika a Kantin Kwari kamar da. Ya ɗauko wani falle ya ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa kusa da kunnena, ya yi ƙara kamar ƙaramin ganga, ya ɗauko wani ya ƙwanƙwasa, wannan ya ce dum ya mutu. "Na farkon shekararsa shida a rufin nan," in ji shi, "na biyun bara aka sare shi." Ya ce in sansana. Ɗan'uwan maɗacinmu ne, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha don ciwon ciki, sai dai wannan na kurmi ne, kuma a kasuwar katako ta duniya da sunan Legas ma ake kiransa. Akwai wani katakon da manyan kamfanoni ke yin bayan jita da shi, sapele, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a kan wuya kuwa dangin kanya ne, kuma saboda shi kamfanin jita na Taylor da ke Amurka ya shiga hannun jari a wata masana'antar yanka katako a Yawunde a 2011. Wato itacen daga wajenmu yake fita a gungume, ya dawo da fenti da suna, mu biya da dala. Wannan abu ya tsaya min a rai har yanzu.

Idona ya faɗa kan wata mai ramin ciki, wadda ba ta buƙatar wuta. Ita ce mafi tsada a shagon kuma na so ta ƙwarai. Baba ya tambaye ni inda za ta zauna, na ce Kano. Ya girgiza kai. "Ɗana, ba zan sayar maka da wannan ba." Ya ce jita tana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, ita kuwa wannan a danshin Legas aka haɗa ta, fuskarta siririn falle ne. Hunturun Kano na farko zai tsotse ta, ta tsage daga jakin da tsirkiya ke hawa zuwa gindi. Ya ce in ɗauki mai dunƙulallen jiki ta lantarki, ya kuma nuna min sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta da yadda zan juya ta kaɗan-kaɗan in yanayi ya canja. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya hana kansa ciniki mai tsoka don kada mai saye ya yi kuka bayan wata uku ba. Kawu ma da ba ruwansa da kiɗa sai da ya ce, "Baba, Allah ya yi albarka."

Ta lantarkin na ɗauka, kuma ba wai ba ta da aibi ba. Fentinta bai kai na Fender sheƙi ba, in ka karkata ta a rana za ka ga sawun hannu. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti da maɗauran tsirkiya duk daga waje suke, don haka ita ma dala ta taɓa ta. Kuma ranar da na matsu na kai ta kasuwa ba wanda zai san darajarta, alhali mai suna ko bayan shekara goma za ta sami mai saye. Na auna wannan sosai. Amma ni ba don in sayar nake nema ba, don in kaɗa ne. Ya zaunar da ni ya dubi yadda nake danna tsirkiya, ya rage tsayinta daidai hannuna, ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da magagari. Sautinta ya fi na Fender ɗin kauri da ɗumi, ya fi kusa da gurmi. Kawu ya karɓi ciniki, suka yi ta ja cikin raha da Hausa da Yarabanci, aka tsaya a ƙasa da sulusin kuɗin waccan ta Alaba, har da jaka da tsirkiya saiti biyu. Ragowar kuɗin ya ishe ni ƙaramar amfilifaya.

Sauran kwanakin ban yi wani yawo ba. Mun haye gadar Third Mainland, na ga teku, na ci burodin Agege da wake. Matar Kawu ta cika min leda da garin kwaki.

A hanyar dawowa wani jami'i a shinge ya sa na buɗe jakar, ya dage sai na nuna takardar shigo da kaya daga waje. Na juya masa bayan kan jitar inda Baba ya ƙona "Mushin" da ƙarfe mai zafi. Ya duba, ya sake dubawa, ya tura min ita da ƙafa ya ce in wuce.

Jiya na ɗora ta a kan wata waƙar biki, mai sutudiyo ya sa na maimaita sau uku. Na samo soso na jiƙa na sa a gwangwani mai huji cikin jakar, yadda Baba ya ce in riƙa yi daga watan Nuwamba, kuma ya ce in kira shi in iskar ta fara kaɗawa.