Yara uku da tebur ɗaya: yadda nake rarrabe lo, loi da lo'i a Lojban

Duk jimlar Lojban (wani ƙirƙirarren harshe da aka gina bisa mantiƙi) da za ta ƙunshi mutane da yawa, kafin in zaɓi kalmar da zan sa a gaban suna, lo ko loi ko lo'i, sai na tambayi kaina: aikin nan kowa shi kaɗai ya yi, ko haɗa hannu aka yi?

Ɗauki yara uku da tebur. Idan na rubuta ro lo ci nanla cu bevri lo jubme, na ce kowane yaro ya ɗauki tebur da kansa, domin adadin da ke waje, wato wanda ya zo kafin lo, irin su ro (duka) ko ci (uku), yana raba aikin ɗaya bayan ɗaya. Loi ci nanla cu bevri lo jubme kuwa a dunƙule suke, gungun ne ya ɗaga. Shi lo'i tari ne irin na masana lissafi: yana da mambobi, yana da yawa, amma ba ya ɗaukar komai. Lo'i nanla cu barda na nufin yaran suna da yawa, ba wai ƙatti ba ne. Haka abin yake a masu haɗi: .e yana rabawa, joi yana dunƙulewa, ce yana gina tari.

Inda ake cin tuwo da ƙashi shi ne loi. A littafin nahawun John Cowan na 1997, gungu yana gadon sifofin sassansa, kuma loi na ɗauke da ɓoyayyen adadi, pisu'o, wato wani yanki na gungun. Saboda haka idan yaro ɗaya dogo ne ɗaya gajere, gungun ya zama dogo kuma gajere a lokaci guda. Ga wanda ya zo Lojban don neman tsabtar mantiƙi, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Jimlar da ta fi koya mini ita ce mai aiki biyu: yaran suna murmushi suna ɗauke da teburin. Murmushi kowa nasa yake yi, ɗaukar ta haɗin gwiwa ce. Ro zai ɗora wa kowane yaro teburin shi kaɗai, loi kuma zai ba gungu baki ya yi murmushi. Gyaran da ake kira xorlo, wanda Jorge Llambías ya gabatar, ya cire ɓoyayyun adadin, ya bar lo ba ya ɗaukar ɓangare. Sai in rubuta lo ci nanla cu cisma gi'e bevri lo jubme, kowane aiki ya zauna yadda ya dace da shi.

Yanzu da lo nake farawa. Ina ƙara ro idan rabon ne nake son fitarwa, loi kuma sai gungun kansa ne abin magana, kamar ƙungiyar da mambobinta ke sauyawa ita tana nan. Ruwa ma ba ya buƙatar loi, tunda djacu da ma wani adadi na ruwa yake nufi. Lo djacu ya wadatar.